Wata biyu da fara aiki a jami'a a Jamus: ta ina mutum yake fara kafuwa?

Ɗan Dala ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, musamman waɗanda suka riga mu zama a ƙasar Jamus, ina neman shawararku. Na iso a farkon watan Oktoba domin aikin bincike na shekara 3 a sashen nazarin ƙasar noma na wata jami'a da ke arewacin ƙasar, bayan na shafe shekara 9 ina koyarwa a gida. Aikin kansa bai ba ni wahala ba, domin fannin da na karanta ne, kuma da Turanci ake magana a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk abin da yake jirana da zarar na fito daga ƙofar ofis.

Na farko shi ne muhalli. Jami'a ta sauke ni a masaukin baƙinta, amma wa'adina zai ƙare a ƙarshen Janairu. Na aika saƙon neman haya fiye da 30, mutum uku ne kawai suka amsa mini. Gida ɗaya da aka kira ni in gani, na tarar da mutane sun yi layi tun daga matakala, kowa riƙe da jakar takardu, ni kuwa ba ni da komai sai fasfo da kwantiragin aiki. Mai kula da gidan ya tambaye ni takardar Schufa, mai nuna ko ana bin mutum bashi, da shaidar albashin wata uku, ni kuma albashi ɗaya na taɓa karɓa. Da na leƙa ɗakin girki sai na ga babu murhu, babu wurin wanke-wanke, sai bututu biyu da suka leƙo daga bango. Na ɗauka gyara ake yi, ashe haka ake ba da shi.

Na biyu shi ne iyali. Maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 7 da mai shekara 2, suna Kano, kuma na yanke shawarar ba zan fara neman musu biza ba sai na sami inda zan ajiye su. Ban sani ba ko daidai na yi.

Na uku shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Da duhu nake fita, da duhu nake dawowa, Azahar da La'asar da Magariba duk suna riskata a wurin aiki. Abokan aikina mutanen kirki ne, ba wanda ya taɓa nuna mini wulaƙanci, amma ƙarfe biyar na yi kowa ya kama gabansa, kuma mako yana iya wucewa ban ji wanda ya yi mini sallama ba. Lahadina ta farko na fita cefane na tarar duk kantuna a rufe, da shayi da busasshen burodi na kwana. A gida ni ne nake ba matasan malamai shawara, yau ga shi ko shara ban san kwandon da zan zuba ta ba. Waɗanda suka bi ta wannan hanya, don Allah me ya kamata in sa a gaba, kuma yaushe mutum yake fara jin ya zauna?

Bakatsine ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, barka da zuwa, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Shekarata 12 a nan, kuma duk abin da ka lissafa na ɗanɗana shi, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Zan tsaya a kan batun gida da takardu, domin a ƙasar nan su ne tushen komai, kuma kowace takarda tana jiran wata ne kafin ta fito.

Tun da ka karɓi albashi, ina kyautata zaton ka yi rajistar mazauni, wadda suke kira Anmeldung. Ka sani cewa ranar da ka tare a sabon gida za ka sake yin ta cikin mako biyu, tare da takardar shaida daga mai gidan. Ka duba takardar albashinka ka ga rukunin harajin da aka sa ka. Idan lambar harajinka mai lamba 11 ba ta kai ga ofishin albashi da wuri ba, akan sa mutum a rukuni na 6, wanda ya fi kowane cin kuɗi, kuma sai ka yi magana za a gyara. Sannan ka tabbata sunanka yana manne a akwatin wasiƙa, domin ma'aikacin gidan waya da suna yake aiki. Katin banki, lambar sirrinsa, katin inshorar lafiya, gayyatar ofishin baƙi, duk ta wannan akwati za su zo. Kada ka ajiye wasiƙa ba ka karanta ba don ta zo da Jamusanci. Kusan kowace tana ɗauke da wa'adi, kuma a nan wa'adi ba ya karɓar uzurin rashin sani.

Game da neman haya, kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne dogaro da shafukan intanet kaɗai, inda kake gogayya da ɗaruruwan mutane. Ka fara da ofishin jami'a mai kula da baƙin masu bincike, ka roƙi a ƙara maka wa'adin masauki tun yanzu, kada ka bari sai Janairu. Ka kuma gaya wa sakatariyar sashenku da duk wanda kuke aiki tare cewa kana neman gida. Jami'a wuri ne da kullum wani yana tashi, kuma mai tashi yakan so ya gabatar wa mai gida wanda zai gaje shi, musamman idan zai sayar masa da kayan ɗakin girkin da ya kafa da kuɗinsa. Ta haka na sami gidana na biyu, bayan wata huɗu ina aika saƙonni a banza. Ka rubuta sunanka a ƙungiyoyin gidaje na haɗin gwiwa da kamfanin gidaje na gari, ko da layin yana da tsawo. Kada kuma ka raina ƙananan garuruwan da ke da tafiyar minti 20 ko 30 a jirgin ƙasa. Tun watan Mayun 2023 akwai tikitin wata-wata da ake kira Deutschlandticket, wanda ya fara a kan yuro 49 kuma kuɗinsa ya ɗan ƙaru daga baya, yana shigar da kai bas da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da masu dogon zango irin ICE.

Takardar Schufa kuwa kai ne za ka nema, kuma kasancewarka sabo ba aibi ba ne, abin da mai gida yake so ya gani shi ne babu bashin da ake binka. Ka haɗa ta da kwantiraginka, da takardun albashin da kake da su, da ɗan gajeren bayani a kanka da Jamusanci, ka sa wani abokin aiki ya duba maka. Ma'aikacin jami'ar gwamnati yana da daraja a idon masu gidaje, ka fito da wannan fili a layin farko.

Ka lura da bambancin kuɗin haya zalla da kuɗin haya haɗe da ɗumama gida, ruwa da kwashe shara. Na biyun ƙiyasi ne kawai, sau ɗaya a shekara ake yin lissafin gaskiya. A shekarata ta farko na ƙure na'urar ɗumama ɗaki dare da rana, taga kuma a ɗage, saboda na saba da iska. Da lissafin ya zo sai da na biya cikon da ya kusa kai hayar wata guda, kuma na yi kwanaki ina jin zafinsa. Yadda suke yi shi ne a buɗe tagogi gaba ɗaya na 'yan mintuna safe da yamma, sannan a rufe. Idan kuma ba a buɗewa sam, bango yakan yi fumfuna, mai gida ya ɗora maka laifi. Lantarki yawanci kwantiraginsa daban ne, akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Kuɗin ajiya, wato jinginar da mai gida yake riƙewa, ba ya wuce hayar wata uku zalla a doka, kuma kana da haƙƙin biyansa kashi uku. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane tabo da kowace mita, a rubuta a takarda ku sa hannu. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗi ya aiko maka da makulli, ɗan damfara ne. A ƙarshe ka yi inshorar ɓarnar da mutum kan jawo wa wani bisa kuskure, kuɗinta kaɗan ne a wata, kuma mai yara ba ya zama babu ita.

Maman Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Bayanin Yaya Bakatsine ya gamsar, amma a kan batun iyali ina ganin ka sake tunani, kuma ina faɗar haka ne a matsayin wadda ta yi wata 11 a gida tana jira. Takardun aure da na haihuwa da suka fito daga Najeriya sukan bi ta hanyar bincike kafin hukumomin Jamus su amince da su, wannan binciken kuwa yakan ci watanni, ga kuma jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci. Idan ka ce sai ka sami gida za ka fara, ka haɗa jira biyu a jere ke nan, alhali suna iya tafiya tare. Ku fara tattara takardu yau, ku duba cewa rubutun sunaye da ranakun haihuwa sun dace a ko'ina, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya mayar da mutum baya. Gaskiya ne za a nemi shaidar isasshen muhalli, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne murabba'in mita 12 ga wanda ya kai shekara 6, da mita 10 ga wanda bai kai ba, saboda haka ka riƙe wannan lissafin a lokacin da kake duba gidaje. Matar mai izinin zama na bincike ba a tilasta mata kawo shaidar Jamusanci kafin ta shigo, amma ina roƙonka ka sa ta fara koyo tun tana Kano.

Dalilina shi ne abin da ya same ni. Kai kana da ofis, kana da mutanen da za ka gaisa da su ko da sama-sama ne. Ita za ta baro gida cike da 'yan'uwa, da maƙwabta masu shigowa ba sai sun nemi izini ba, da biki da suna, ta zo ta zauna a hawa na uku da ƙaramin yaro, tana kallon ruwan sama ta taga. A hunturuna na farko akwai ranar da na tsaya a bakin kanti da keken yaro, mai karɓar kuɗi ta yi mini tambaya sau uku ban gane ba, mutanen da ke bayana suka yi shiru suna jira. Rasit kawai take tambaya ko ina so. Na dawo gida na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, maigidana kuma ya kasa gane abin da ya faru, domin shi a ganinsa ba a yi komai ba. Abin da ya fitar da ni shi ne ajin koyon harshe na makarantar manya ta gari, wadda suke kira Volkshochschule. A can na sami ƙawaye daga Siriya da Turkiyya da Gana, a can na koyi hawa bas ni kaɗai, daga baya har na koma karatu. Ka ɗauki ajinta da muhimmanci kamar yadda ka ɗauki aikinka, ka tsara lokutanka yadda za ka riƙe ƙaramin idan tana makaranta.

Babban yaron dole ne ya shiga makaranta da zarar an yi masa rajista, domin karatun yara tilas ne a nan, kuma ba a yarda a cire yaro a tafi da shi gida kafin hutu ba tare da izini ba. Kada ka damu da harshe a wajensa, cikin shekara guda shi zai riƙa yi muku tafinta. Abin da za ku yi wa tsaro shi ne Hausarsa, ku sa ta zama harshen cikin gida ba tare da sassauci ba. Ƙaramin kuma doka ta ba shi haƙƙin gurbi a gidan renon yara tun daga shekara 1, haka abin yake tun Agustan 2013, sai dai samun gurbin yana buƙatar rubuta suna da wuri a wurare da yawa. Ku zo da katin rigakafinsu, domin tun Maris ɗin 2020 ba a karɓar yaro a gidan reno sai da shaidar allurar ƙyanda, makaranta ma za ta nema. Ka tambaya kuma game da kuɗin tallafin yara, wanda ya haura yuro 250 a wata ga kowane yaro.

Batun abinci yana da sauƙi fiye da yadda kake zato. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, shagunan 'yan Afirka kuma suna da manja, doya, garin rogo da kuɓewa. Shinkafar da suke dafawa da madara, mai gajeren ƙwaya, tana yin tuwo mai kyau ƙwarai. Amma ka gargaɗi Hajiya kada ta sako kilishi, dambun nama ko man shanu a jaka, domin an hana shigo da nama da kayan madara Tarayyar Turai a kayan matafiyi, za a ƙwace a filin jirgi, wani lokaci har da tara.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni daga Nijar nake, shekarata ta biyar ke nan a wani ɗakin gwaje-gwaje, kuma zan taɓa batunka na uku. Ka iso a mafi wuyar lokaci. A arewacin ƙasar nan, cikin Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ƙarfe huɗu kuma ta faɗi, ga mutumin da ya tashi inda dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Nauyin da kake ji a jiki da zuciya ba raunin imani ba ne. Ka riƙa fita ka taka da ƙafa a lokacin hutun rana ko da gari ya yi gajimare, ka sayi rigar sanyi ta gaske da takalmin da ruwa ba ya shiga, ka kuma zaɓi likitan unguwa ka roƙi ya auna maka bitamin D, domin mu masu baƙar fata yakan yi mana ƙaranci a nan. Daga ƙarshen Disamba rana za ta fara tsawo, kafin Yuni kuma za ka ga Magariba ta kai kusan ƙarfe goma na dare, Asuba ta matso ta kusa haɗuwa da Isha'i. A wannan lokacin ka bi jadawalin masallaci ɗaya ka tsaya a kansa, domin manhajojin waya suna saɓa wa juna sosai.

Salla a wurin aiki kuwa, magana a fili ita ce maganinta. Ni na sami shugaban sashenmu na ce masa ina buƙatar minti goma sau biyu ko uku a yini, da awa ɗaya da rabi ranar Juma'a, zan kuma rama lokacin. Ya buɗe kalandarsa ya mayar da taronmu na mako-mako zuwa Alhamis, bai ƙara tayar da zancen ba. Bajamushe ya fi son ka faɗa masa abu tun da wuri a rubuta shi, a kan ya riƙa neman ka ba ya ganinka. Idan za a ba ka darasi a zangon da zai fara a Afrilu, ka yi maganar Juma'a yanzu, domin jadawali ana tsara shi watanni kafin lokaci.

Shirun abokan aikinka ba ƙi ba ne, kai suke jira ka buɗe ƙofa. Akwai al'adar cewa sabon ma'aikaci yakan kawo ɗan abin taɓawa ya tara mutane, haka ma mai bikin ranar haihuwa shi yake kawo kek. Ni cincin da zoɓo na kai, kuma a ranar ce wani dattijon ma'aikaci da bai taɓa ce mini komai ba sai gaisuwa ya zauna yana tambayata yadda ake noman gero a Damagaram. Yau shi ne yake karanta mini wasiƙun da suka fi ƙarfina. Ka riƙa bin su gidan cin abinci na jami'a da rana, akwai abincin da babu nama kullum. Ka nemi masallacin da 'yan Afirka ta Yamma suke taruwa, za ka ji Hausa a bakin mutanen zango na Gana da Togo da namu na Nijar. Idan kuma kana kusa da Hamburg, Leipzig, Kolon ko Bayreuth, sassan nazarin Afirka na jami'o'insu sun daɗe da sanin Hausa, kuma ɗalibansu suna murna da samun mai harshen.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: shekara 3 tana gudu. Yawancin ayyukan bincike a nan na wa'adi ne, wata doka ta shekarar 2007 ta ba jami'a damar riƙe mai digiri na uku a kan irin wannan kwantiragi har shekara 6, izinin zamanka kuma a ɗaure yake da kwantiraginka. Ka fara tunanin mataki na gaba tun a shekara ta biyu, kada kuma ka yanke hulɗa da jami'arka ta gida.

Ɗan Dala ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Jiya na duba takardar albashina na tarar lallai a rukuni na 6 nake, na kai lambar harajin ofishin ma'aikata, sun ce za a gyara. Ofishin baƙin masu bincike ya ƙara mini wa'adi zuwa ƙarshen Maris. Da na gaya wa sakatariyarmu halin da nake ciki, sai ta ce akwai wata malama da za ta koma Holan a Fabrairu, gidanta ɗaki uku ne, murabba'in mita 68, a wani gari mai tafiyar minti 25 a jirgi, kuma ranar Asabar za ta nuna mini. Hajiya Maman Biyu, na karanta wa maiɗakina saƙonki ta waya, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in miƙa godiyarta, gobe kuma za ta je karɓo takardar haihuwar ƙaramin. Tana tambaya ko za ta iya samun ajin harshen da ke da wurin ajiye yaro kafin a sami gurbin reno. Ni kuma ina so in sani, Malam Bakatsine, idan malamar ta ce in sayi kayan ɗakin girkinta, ta yaya ake ƙiyasta kuɗinsu, kuma shin ana rubuta wannan cinikin a cikin takardar haya ne ko a wata takarda daban?